Dafa Zoɓo Kaɗan a Babbar Tukunyar Kamfani

Duk wanda ya zuba kuɗinsa ya sayi tukunyar kamfani mai cin lita 500 don yin zoɓo ko lemon citta, da watan azumi da zafin bazara a ransa ya saya. A irin wannan lokaci kwalba ba ta kwana a firij, kullum tukunya cike take. Amma ba kullum ake azumi ba. Hunturu na shigowa a Disamba kasuwar abin sha mai sanyi ta ja baya. Ko wata ta zo da odar biki ta kwalba 200 kacal. Ko kuma kana son gwada sabon haɗi da abarba ko na'ana'a kafin ka sa jari a kansa. Sai ka wayi gari lita 100 kake bukata, tukunyarka kuwa an ƙera ta ne don ninki biyar ɗin haka.

Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su ɗauko ma'aunin da suka saba, su raba komai gida biyar, ruwa da zoɓo da sukari da citta, su kunna wuta. A takarda lissafin daidai yake. A cikin kwalba kuwa sai a ga abin ya yi kauri fiye da kima, launin ya koma ruwan ƙasa, ƙamshin citta ya gudu, kuma maimakon kwalba 200 an tashi da 140. Duk macen da ta taɓa dafa shinkafa gwangwani ɗaya a tukunyar biki ta san yadda abin yake ƙarewa. Dalilin guda ne, kuma shi nake so ka riƙe tun daga nan: kai ne ka rage yawan abin da kake dafawa, injin bai rage komai nasa ba. Faɗin tukunyar yana nan, ƙarfin wutarta yana nan, tsawon bututunta yana nan. Abin da injin ke cinyewa da lita ake ƙirga shi, kuma litocin nan ba sa canzawa ko ka dafa 500 ko ka dafa 100.

Fara da ruwa zalla

Kafin ka sa ko da ƙwayar zoɓo ɗaya, ka ware rabin yini ka auna injinka da ruwan famfo. Wanda ya sayar maka da tukunyar zai faɗa maka iyakar abin da take ɗauka, amma da wuya ya faɗa maka mafi ƙarancin abin da za ta yi aiki da shi lafiya, kuma wannan lambar ce ka fi bukata yanzu.

Ka samo bokiti da ka tabbatar da awonsa, mai lita 20 misali, da sanda mai tsabta ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Ka riƙa zuba ruwa bokiti bokiti, kana yi wa sandar alama. Idan faɗin bakin tukunyar santimita 90 ne, kowane santimita na tsawo yana ɗaukar lita 6 da ɗan ɗoriya, wato lita 100 ba za ta wuce tsawon santimita 16 ba, tsawon da bai kai taƙi ɗaya ba. Yana da kyau ka ga wannan da idonka, domin kana leƙawa za ka fahimci matsalar kafin a yi maka bayani.

Yayin da ruwan ke hawa, ka rubuta litar da ta rufe kowane abu da ke cikin tukunyar. Idan mai hitar lantarki ce, ka ga a ina ruwan ya rufe hitar ta sama, ka ƙara aƙalla yatsu huɗu a kai, domin ruwan zai ragu da tafasa kuma zai riƙa kaɗawa idan ana juyawa. Hitar da ta leƙo waje tana cikin aiki ƙonewa take yi cikin ɗan lokaci. Ka ga a ina ruwan ya rufe tsinken ma'aunin zafi. Ka ga a ina ya rufe farfelar da ke juya kayan. Idan tukunyar mai riga ce, wato mai bango biyu da tururi ko ruwan zafi ke bi ta tsakaninsu, ka gano inda rigar ta tsaya. Lamba mafi girma a cikin waɗannan ita ce ƙasan tukunyarka. Ka rubuta ta da fenti a jikin bango inda kowane ma'aikaci zai gani.

Tsinken ma'aunin zafi ya fi kowanne yaudara. Idan yana sama da ruwan, zafin iskar da ke cikin tukunyar yake karantawa. Zai nuna digiri 70 alhali ruwan ya kai 95, kuma idan injin mai kashe kansa ne, ba zai kashe ba, zai ci gaba da bai wa ruwan wuta yana neman lambar da ba za ta zo ba. Idan dole ka yi aiki ƙasa da tsinken, ka cire injin daga sarrafa kansa, ka yi amfani da ma'aunin zafi na hannu mai dogon tsinke, ka tsaya a wurin.

Abin da bututu ke cinyewa

Bayan ka gama alamun sanda, sai gwaji na biyu, wanda ya fi na farko taɓa aljihu. Ka zuba ruwa lita 100 cif a tukunya, ka tura shi ta duk hanyar da zoɓo ke bi: famfon turawa, tiyo, mataci, na'urar sanyayawa idan akwai, tankin haɗi, har bakin injin ɗura kwalba. Ka tare abin da ya fito a bokiti, ka auna. Abin da ya ɓace shi ne rabon injin.

Mutane suna mamakin yawansa. Tiyo mai faɗin inci ɗaya da rabi yana riƙe kusan lita ɗaya a kowace mita. Mai inci biyu yana riƙe kusan ninki biyu na haka. Mita takwas na tiyo a kwance a ƙasa, ga lita takwas nan. Sai cikin famfon, sai gidan mataci, sai abin da ke kwanciya a gindin kowane tanki ƙasa da bakin bawul, sai ɗan tankin da ke kan injin ɗurawa. A ce duka sun haɗu sun kai lita 30. Ranar da ka dafa 500, kashi 6 cikin ɗari ne, ba ka ma lura ba. Ranar da ka dafa 100, kashi 30 ne, wato kwalba 60 masu rabin lita, da sukarinsu da zoɓonsu, sun tafi kwata.

Akwai abin yi a kan wannan. Mafi sauƙi shi ne ka gajarta hanya. Ka sayi tiyo gajere mai inci ɗaya ka ajiye shi musamman don ƙananan ayyuka. Yana riƙe ƙasa da rabin abin da mai inci ɗaya da rabi ke riƙewa. Ka matso da tankin haɗi kusa da tukunya. Duk inda ruwa zai iya gangarawa da kansa daga sama zuwa ƙasa, ka cire famfo daga lissafi. Idan babban matacin yana cin lita biyar ko fiye, ka tsallake shi, ka yi amfani da jakar tacewa mai tsabta da ka ɗaura a bakin tiyo.

Dabara ta biyu ita ce kora da ruwa. Ka riƙe wani sashe na ruwan da ke cikin ma'auninka, lita 15 misali, kada ka zuba shi a tukunya tun farko. Ka dafa zoɓon da ɗan kauri. Idan ka gama turawa zuwa tankin haɗi, sai ka zuba wannan ruwan, tafasasshe, a bayansa, ya koro abin da ya maƙale a hanya. A ƙarshe ruwa ne ya rage a bututu, zoɓonka ya isa inda ake bukatarsa, kuma kaurin ya dawo daidai. Amma ka lura, wannan dabarar tana aiki ne tsakanin tukunya da tankin haɗi kaɗai, inda za a sake juya komai ya haɗu. Tsakanin tankin haɗi da kwalba ba a kora da ruwa, domin kwalaben ƙarshe za su fito salam, kuma su ne wani zai saya ya yanke wa kamfaninka hukunci da su.

Famfon kansa yana da nasa halin idan ruwa ya yi ƙasa. Yana jan ruwan da ƙarfi har ya yi rami a tsakiya, iska ta bi ta ramin ta shiga. Za ka ji sautinsa ya canza, kumfa ta cika tiyo. Iskar nan tana dusashe launin zoɓo, kuma famfon da ya yi ta juyawa babu ruwa yana cinye robar da ke hana shi yoyo. Ka ɗan rufe bawul ɗin da ke gaban famfon, ta wajen fita, don rage gudun. Kada ka matse na wajen shiga.

Wuta da tururi

Nan ne aka fi yin ɓarna, don haka bari mu ɗan tsaya.

Yawan ruwan da ke tashi ya zama tururi ya dogara ne da ƙarfin wutar da kake bayarwa da faɗin bakin tukunyar. Da zarar ruwa ya tafasa, kowane kilowat na wuta yana ƙone kusan lita ɗaya da rabi a awa. Tukunya mai hita ta kilowat 18, idan aka bar ta tana zaɓalɓala da cikakken ƙarfi, za ta iya ƙone fiye da lita 25 a awa ɗaya. A lita 500 wannan kashi 5 ne ko kusa da haka. A lita 100 kwata ne. Shi ya sa zoɓon ke fitowa da kauri da tsami mai yawa, mai shi yana rantsuwa bai canza ma'auni ba. Kuma da gaske bai canza ba.

Saurin zafi ma ya bambanta. Wutar da ke ɗaukar kusan awa biyu kafin ta kai lita 500 daga zafin 30 zuwa 90, za ta kai lita 140 can cikin minti arba'in ko ƙasa da haka. Ma'aikacin da ya saba kunna wuta ya tafi wanke kwalabe zai dawo ya tarar an daɗe da wuce wurin. Sannan ƙarfen tukunyar yana riƙe zafi. Ƙarfe kilo 200 yana ɗaukar zafin da ya kai na ruwa lita 24, kuma rigar tururi ba ta hucewa nan take don ka rufe bawul. A cikakkiyar tukunya wannan ragowar zafin ba ya motsa komai. A ƙaramin dahuwa yana iya ƙara maka wasu digiri bayan ka kashe. Ka kashe wuta kafin ka kai lambar da kake nema, ka bar ƙarfen ya ƙarasa aikin. Gwajin ruwa zalla zai nuna maka digiri nawa za ka bari.

Idan hitocin uku ne masu makunni daban daban, ka kunna ɗaya ko biyu na ƙasa. Idan rigar tururin kashi biyu ce, ta gindi da ta bango, ka buɗe ta gindi kaɗai. Idan kuwa guda ce da ta hau har sama, to ga abin da zai faru: bangon da ke sama da ruwan zai yi zafi sosai babu abin da ke sanyaya shi, duk ɗigon da ya fantsama can sai ya bushe ya ƙone. Za ka ga baƙin zobe ya zagaye tukunyar daidai inda ruwan ya tsaya, kuma ƙaurinsa yana komawa cikin abin sha. Maganinsa shi ne ka rage tururin sosai, ka rage gudun farfela don kada ta riƙa watsa ruwa, kuma kada ka sa sukari matuƙar wuta na ci. Sukarin ya jira tankin haɗi, ko a narkar da shi daban a ɗan ruwan zafi a tace.

A ganina ma, ƙaramin dahuwa dama ce ta barin wata al'ada da ba ta da amfani, wato tafasa zoɓo na tsawon lokaci. Jan launin nan da ake sayen zoɓo dominsa ba ya son doguwar wuta. Yana fita cikin ruwan zafi da sauri, sannan ya fara lalacewa idan aka ci gaba da dafa shi. Ka wanke zoɓon da ruwan sanyi cikin hanzari don cire ƙasa da yashi, ka kai ruwanka zafin 90 ko ya tafasa sau ɗaya, ka kashe wuta, ka zuba zoɓon, ka rufe murfi na minti 20 zuwa 30. Da murfi a rufe da wuta a kashe, matsalar ƙonewar ruwa ta kusa ƙarewa gaba ɗaya. Idan kana ganin da sauran launi a jikin ganyen, ruwan korar nan da ka riƙe ka bi da shi ta kansu.

Citta da kanumfari da na'ana'a ƙamshinsu da tururi yake tafiya, kuma faffaɗan baki a kan ruwa kaɗan ƙofa ce a buɗe. Ka ɗaure su a ƙyalle mai tsabta, ka ɗaura igiyar a hannun tukunya, ka sa su bayan an kashe wuta. Ƙullin yana da wani amfani: a ruwa mai zurfin santimita 20, guntayen citta suna taruwa a bakin bawul su toshe shi. Ganyen zoɓon ma ya fi kyau a sa shi a babbar jakar raga ko kwandon ƙarfe, amma ka tabbata ya nutse; kwandon da aka ƙera don cikakkiyar tukunya sau da yawa yana rataye ne can sama da inda lita 100 ke tsayawa. Kanumfari kuwa a auna shi da sikeli mai nuna giram. Kuskuren giram goma a lita 500 ba ya jin kansa, a lita 100 kuwa shi za a fara ji.

Lissafin daga kwalba yake farawa

Kada ka fara da tambayar lita nawa za ka zuba. Ka fara da kwalba nawa kake so, ka dawo da baya. Bari mu yi misali da odar kwalba 200 masu rabin lita, wato lita 100.

Ka ƙara rabon injin da ka auna. A ce bayan gajarta tiyo da kora da ruwa ya sauko daga 30 zuwa 15. Kana bukatar haɗaɗɗen zoɓo lita 115 ke nan. Sukari yana ƙara yawa: kowane kilo yana ƙara kusan kashi 6 cikin 10 na lita idan ya narke. Idan sukarin da za ka sa kilo 13 ne, ya kawo lita 8, saura tataccen ruwan zoɓo lita 107. Sai abin da ganyen zai shanye. Wannan shi kaɗai ne asarar da ke raguwa tare da yawan dahuwa, kuma aunawarsa ba wuya: ka jiƙa kilo ɗaya na busasshen zoɓo, ka tsane shi yadda ka saba, ka sake ɗora shi a sikeli. A ce ka ga kowane kilo ya riƙe lita 3, kuma kilo 5 za ka sa, ga lita 15. Sai abin da tururi zai ɗauka, a ce lita 5 tun da murfi a rufe yake. Jimla lita 127 na ruwa, ciki har da na kora, don sayar da 100.

Yanzu ka duba lambar da ka rubuta a bango. Idan ƙasan tukunyarka lita 160 ce, to 127 ba ta isa ba, kuma kada ka yi wa kanka ƙarya cewa yau kaɗai ne.

Lambobin nan misali ne, naka injin zai ba ka nasa. Abin da zai tabbatar maka ka dace shi ne awo a ƙarshe. Na'urar auna zaƙi ta hannu, wadda ake ɗiga mata ɗigo biyu a leƙa ta fuskar haske, tana nuna giram nawa na sukari ke cikin giram 100 na abin sha. Ka auna zoɓon da ka saba yi a cikakkiyar tukunya, ka rubuta lambarsa, ka sa ƙaramin dahuwa ya zo kanta, ko da ƙarin tafasasshen ruwa ko da ƙarin sukari. Harshe yana gajiya bayan ɗanɗano uku ko huɗu, musamman da abu mai zafi. Ka kuma tuna zoɓon kansa ba ɗaya ba ne: sabon girbi da ke shigowa kasuwar Dawanau daga ƙauyukan Jigawa da Kano a ƙarshen shekara ya fi wanda ya yi watanni a sito ƙarfin launi, don haka ka ajiye kwalba ɗaya ta tsohon aiki ka ɗaga su tare a haske.

Idan tukunyar ta ƙi

Akwai hanyoyi biyu masu kyau idan bukatarka ba ta kai ƙasan tukunya ba.

Ta farko, ka mai da babbar tukunyar gidan ruwan zafi kawai. Ka dafa ruwa lita 200 ko abin da ya rufe hita, ka ɗebi abin da kake bukata zuwa ƙaramar tukunya mai lita 150 ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ka jiƙa zoɓon a can. Ragowar ruwan zafin ba asara ba ne, da shi za ka ɗumama bututu ka kuma yi wanki. Babbar tukunyar ba ta taɓa zoɓo ba, don haka wankinta ya ragu. Amma ƙaramar tukunyar kada ta zama ta dalma ko baƙin ƙarfe. Tsamin zoɓo yana cin su, launi ya yi duhu, ɗanɗanon ƙarfe ya fito.

Ta biyu ita na fi so ga mai gwajin sabon haɗi. Ka dafa zoɓo zalla, ba citta ba komai, lita 300 ko abin da tukunyar ke yi cikin kwanciyar hankali, sannan ka raba shi gida uku a ƙananan tankuna. Wannan ya sami abarba, wannan citta da kanumfari, wannan na'ana'a. Wuta ɗaya ka kunna, wanki ɗaya za ka yi, kuma tun da tushensu ɗaya ne, duk bambancin da ka ji daga haɗin ya fito.

Daga tanki zuwa kwalba

Ruwa kaɗan a babban tanki yana saurin hucewa, domin ƙarfen da ke kewaye da shi ya yi masa yawa. Ga mai ɗurawa da zafi wannan babbar magana ce. Idan tsarinka shi ne zoɓo ya shiga kwalba yana kan zafin 85, to ba lambar da ke jikin tanki za ka duba ba, ka sa ma'auni a cikin kwalbar farko da ta tsakiya da ta ƙarshe. Sanyin bututu da na injin ɗurawa yana sace zafin litocin farko, kuma a ƙaramin aiki litocin farko wani babban sashe ne na duka. Ka fara zagaya ruwan zafi ta hanyar har ƙarfen ya ɗauki zafi, ka tsiyaye shi tas, sannan ka mai da litocin farko na zoɓo cikin tanki kafin ka sa kwalba. Ka kuma san irin kwalbarka. Robar lemo da aka saba gani tana lanƙwashewa tun kafin zafi ya kai 85, sai wadda aka yi musamman don ɗurawa da zafi, ko gilashi.

Kada ka bar ƙaramin dahuwa ya kwana a babban tanki. Sararin da ke samansa cike yake da iska, kuma yayin da tankin ke hucewa yana zuƙo wata daga waje, da ƙurarta da ƙwayoyin da ke cikinta. Gumin da ya taru a murfi da bango yana gangarowa ya koma ciki. Ruwan sukari a zafin Kano ko Maraɗi ba ya jiran kowa: kwalabe su fara kumbura, murfi ya yi huci idan an buɗe, abin ya fara juyawa zuwa abin da mai saye bai yi niyyar sha ba, kuma addininsa ya hana shi. Wannan amana ce a wuyanka. Ka tsara aikin yadda dahuwa da ɗurawa za su ƙare a yini ɗaya.

A kan tankin da ke rufe ruf akwai wani haɗari da ya kamata kowane ma'aikaci ya sani. Idan tanki mai zafi cike da tururi ya sami ruwan sanyi farat ɗaya, kuma ba shi da mashaƙar iska a buɗe, tururin yana komawa ruwa nan take, tankin ya lotse ciki. Tankin da kusan babu komai a cikinsa ya fi fuskantar wannan. Ka buɗe murfi ko bawul na sama kafin ka sa ruwan sanyi.

Tsamin zoɓo shi ne garkuwarsa. A ma'aunin pH yana tsayawa kusa da 3 ko ƙasa da haka, kuma ƙwayoyin cuta masu haɗari ba sa yaɗuwa a abu mai tsami haka. Masu sa kanwa ko hodar burodi don kashe tsami suna rage wannan garkuwar, kuma a lita 100 ɗan ƙarin cokali yana tafiya da nisa. Don zoɓon da za a sha yau a gida ba laifi. Wanda zai zauna a kanti kuwa, a gyara tsaminsa da ruwa da sukari, a kuma auna pH kafin a ɗura. Kunun aya wata magana ce daban. Ba shi da tsami, zafi mai yawa yana sa shi kauri, kuma ɗurawa da zafin 85 ba ta mai da shi abin ajiyewa a waje. Sanyi ne kaɗai ke riƙe shi, na ɗan lokaci. Idan za ka yi shi kaɗan, shawarata ka bar dogon layin injin gaba ɗaya, ka yi shi a ƙananan kaya da za ka iya kwancewa ka wanke da hannu.

Wanki ba ya raguwa

Ko lita 100 ka dafa, tukunyar duka za ka wanke, har murfi, domin tururi da fantsama sun kai ko'ina. Ruwan soda mai ƙarfin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, da zafinsa, a zagaya shi ta duk hanyar da zoɓo ya bi. Sodar ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kanta, kuma da safar hannu da tabarau. Bilic kuwa yana huda ƙarfen da ba ya tsatsa idan ya daɗe a kansa, musamman da zafi, don haka kada a bar shi ya kwana a tanki.

Abin da ya fi shafar ƙaramin dahuwa shi ne ɗauraya. Wuraren nan da ke riƙe lita 30 na zoɓo, su ne ke riƙe ruwan wanki. Lita biyu na ruwan soda da suka ɓuya a cikin famfo za su ɓace a lita 500, amma a lita 100 za ka ga jan zoɓon ya juya shuɗi-shuɗi ko baƙi a inda suka haɗu, kuma tsaminsa ya ragu. Ko ruwan ɗauraya zalla ne, lita goma da suka rage a tiyo sun tsinka maka aikin da kashi goma cikin ɗari. Ka ɗauraye har takardar gwajin pH ta nuna ruwan da ke fita daidai yake da wanda ke shiga, ka buɗe kowane bawul na ƙasa, ka kwance tiyo ka rataye su su tsane.

Tun da dizal ɗin janareta da sodar wanki da ladan ma'aikata kusan ɗaya ne ga babban aiki da ƙarami, kwalbar ƙaramin dahuwa ta fi tsada, kuma ya kamata farashin odar ya nuna haka. Hanyar rage nauyin ita ce ka jera ƙananan ayyuka a rana ɗaya da babba, tukunya da zafinta, layi a wanke. Ka fara da mai sauƙin ƙamshi ka ƙare da mai ƙarfi, domin citta da kanumfari suna kama robobin mahaɗar bututu, su bi aikin da ke biye. Duk abin da ke da gyaɗa ko madara ya zo a ƙarshe, sannan cikakken wanki ya biyo baya, saboda akwai mutanen da ɗan ɓurɓushinsu ke kwantarwa. Kowane dahuwa, komai ƙanƙantarsa, ya sami lambarsa da ranar yi da ranar ƙarewa a jikin kwalba kamar yadda NAFDAC ke bukata, a kuma rubuta a littafi litar da aka zuba, litar da ta fito, lambar zaƙi, pH, da zafin kwalbar ƙarshe.